Wa Zai Zaɓi Gwanayen Jiya?

Bara, bayan an watse daga bikin Uhola, muka zauna a gindin wata tsamiya a Dabai, mu da waɗansu dattawa, sai gardama ta kaure a kan kokawa. Shin a cikin 'yan kokawar ƙasar Zuru, na da da na yanzu, wa ya isa a kira shi gwani na gwanaye? Samari suka kawo nasu, waɗanda hotunansu ke cikin kowace waya. Dattawa suka ce ai waɗannan ba su kama ƙafar na da ba. Da muka nemi shaida, sai wuri ya yi tsit. Can sai wani tsoho ya ce, "'Ya'yana, waɗanda suka ga kayen nan da idonsu saura mu uku."

Wannan magana ta tuna mana da Amurkawa da wasansu na besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki. A garin Cooperstown suna da zauren tunawa da gwanayen wasan. An yi zaɓen farko a 1936, aka buɗe zauren a 1939. Marubuta labarin wasanni ke jefa ƙuri'a, kuma ba mai shiga sai ya sami kashi 75 cikin ɗari. 'Yan wasan zamanin da kuwa, waɗanda wannan zaɓe ya wuce su, akan miƙa sunayensu ga kwamitin mutum 16, sai 12 sun amince.

Tsari ne mai kyau, amma yana da nasa ciwon. Baƙaƙen fata, waɗanda aka hana su shiga manyan ƙungiyoyi har zuwa 1947, sai a 1971 aka shigar da gwaninsu Satchel Paige. Dick Allen kuwa ƙuri'a ɗaya tak ta kayar da shi a 2014. Ya rasu a 2020, ƙuri'a ɗaya ta sake kayar da shi a 2021, sai a 2024 aka zaɓe shi. Wannan shi ake kira ihu bayan hari. To, idan masu takardu da alƙaluma sun yi irin wannan jinkiri, ina ga mu da ba mu rubuta komai ba?

Kakanninmu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suna da tasu hanyar. Idan babban mutum ya mutu, ko sarki, ko maharbi, ko gwanin kokawa, mata masu ginin tukwane sukan gina siffofi na yumɓu a ɗora a kan kabarinsa. Ba ƙuri'a, ba kwamiti. Su ma dai sai bayan rai suke karramawa, amma sukan yi ta ne tun waɗanda suka ga aikin mamacin suna nan da ransu. Yanzu al'adar ta ja baya, kuma ba mu kawo wani abu a madadinta ba.

Mu dubi dambe. Me ya sa har gobe ake ambaton Shago? Ƙarfin hannunsa ne kaɗai? A'a, ya dace da mawaƙi irin Ɗan Anace, waƙar kuma ta shiga faifai. Namu gwanayen ba su rasa ƙarfi ba, mai ajiye labarinsu suka rasa. Laifin kuwa namu ne, mu masu riƙe da alƙalami.

Ranar nan mun yi wa tsohon alkawarin za mu dawo da rikoda mu ɗauki bayaninsa. Muka yi ta cewa gobe, jibi. Kafin ruwan farko ya sauka, Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa. Yanzu shaidu saura biyu, ɗayansu ma kunne ya yi nauyi. Mun sayi batir, mun kuma aika musu cewa muna nan tafe ranar kasuwa.