Ban Tashi Daga Kujerar Ba

Duk wanda ya daɗe yana aikin jinya a ƙasar Hausa ya san cewa kusan kowane babba da olsarsa a baki yake zuwa asibiti. Mai ƙwannafi, olsa ce. Wanda ya ci wake cikinsa ya kumbura, olsa ce. Wanda yunwa ta murɗa wa hanji da hantsi, shi ma ita ce. Kafin ka tambaya ya faɗa maka cutar, ya ɗora maka da maganin: ya bar yaji, ya bar tsami, yana shan madara kafin ya kwanta, in ta motsa ya jiƙa kanwa ko ya aika kemis a sayo masa farin ruwan nan na kwalba. Da yawansu babu gyambo a cikinsu ko kaɗan. Sai dai yawan jin maganar yana dakusar da kunnen ma'aikaci, har ranar da mai gyambon gaske zai zo, wanda nasa ya ci ya kai ga jijiyar jini, a saurare shi sama-sama kamar sauran. Nawa kunnen ya dakushe, kuma saura ƙiris wani dattijo ya cika a hannuna.

Ba zan fake da rashin sani ba. Tun a makarantar jinya aka koya mana cewa yaji da yunwa ba sa haƙa gyambo, sai dai su tsokani wanda yake nan. Manyan masu laifi biyu ne. Na farko ƙwayar cutar nan H. pylori, wadda Robin Warren da Barry Marshall, likitoci biyu na birnin Perth a Ostareliya, suka bankaɗo a farkon shekarun 1980. Da likitocin duniya suka ƙi gaskata su, a 1984 Marshall ya kurɓe ruwan da ya raini ƙwayar a ciki, tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Na biyu kuwa magungunan kashe zafin ciwo ne irin su asfirin, ibuprofen, diclofenac da piroxicam. Suna hana jiki yin wani sinadari da ke sa bangon tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da yake narkar da abinci. Ba taɓa bangon kaɗai ke yin ɓarnar ba, ta cikin jini take bi, shi ya sa allurar diclofenac ma ba ta ƙyale ciki ba, duk da mutanenmu sun ɗauka allura ba ruwanta da tumbi. Mafi muni, maganin yana rufe bakin ciwon da shi ya jawo. Tsoho na iya yawo da gyambo babu wani zafin kirki, ba za a sani ba sai jini ya ɓalle. Duk wannan na rubuta shi a jarrabawa, na kuma ci.

Dattijon manomi ne, ya haura sittin, kakkaura, irin mutanen da ba su san kwanciya ba. An kwantar da shi da rana saboda jiri da kasala da nauyi a saman ciki. A katinsa an rubuta olsa da ƙarancin jini, kuma tun kafin ya zo wani ya ɗora shi a kan jar ƙwayar ƙarin jini. Ni ke dutin dare a ɗakin maza, gado cike, ni da mataimakiya ɗaya. Da na zo kansa, akwai surukinsa a zaune kan tabarma da wasu 'yan dubiya da ba su gama tafiya ba.

"Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata."

"Bayan gida fa, lafiya?"

Ya kawar da kai. "Alhamdu lillahi."

Na rubuta babu matsala, na wuce. Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Yarinya sa'ar 'yarsa ta tsaya a kansa, a gaban suruki, tana tambayarsa abin da ya fitar a ban ɗaki, me nake jira ya ce? Mutumin da aka raina a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai kwatanta mini launin bayan gidansa a wannan zaman ba. Tambayar cika takarda na yi, ya ba ni amsar da ta dace da ita.

Wajen ƙarfe 11 ɗansa ya zo teburina, saurayi ne da bai fi ashirin da biyar ba. Ya daɗe a tsaye kafin ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa: "Sista, abin da Baba ya fitar ɗazu fa bai yi mini ba. Baƙi ne ƙirin." Ban ɗago daga fayil ɗin da nake cikawa ba. Na ce masa maganin ƙarin jini ne, haka yake yi, kada ya damu. Ya ce to, ya koma. Daga kujerata zuwa inda fo ɗin yake bai kai taku ashirin ba.

Gaskiya ne ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta bayan gida, amma ba irin baƙin ba ne. Nata baƙi ne mai ɗan kore-kore, a dunƙule, warinsa na kullum. Na jinin da ya narke a hanji kuwa baƙi ne mai sheƙi da danƙo kamar kwalta, yana manne wa fo, warinsa kuma duk ma'aikacin da ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Jini mililita 50 zuwa 100 ya isa ya mayar da bayan gida haka. Da na leƙa, hancina ma ya isa ya gaya mini tun ban ƙarasa ba. Yaron nan ya haɗiye kunyar da ta fi ta mahaifinsa nauyi kafin ya furta wannan magana, na sallame shi da jimla ɗaya, kuma na tabbatar masa babu komai. Da ya sake ganin irinsa bayan tsakar dare bai dawo ba. Don me zai dawo? Sista ta ce magani ne.

Da aka kira sallar asuba Baba ya yunƙura zai yi alwala. Tsayuwarsa ke da wuya ya zube, amai ya biyo baya, jini ne har da gudaji. Jikinsa sanyi ƙalau, zufa ta jiƙe riga. Abin da ya kamata a yi tun ƙarfe 11 shi muka yi a guje: muka kwantar da shi ta gefe don kada aman ya koma masa huhu, muka huda jijiya biyu da manyan allurai, aka saki ƙarin ruwa, aka ɗebi jini don sanin rukuninsa, aka kira likita, aka ba shi omeprazole ta jijiya, aka hana shi ci da sha, aka sa robar fitsari don mu ga ko ƙoda na aiki. Sai neman jini. A ƙananan asibitocinmu leda ba ta fitowa sai 'yan'uwa sun bayar, ga shi gari bai waye ba, dangi suna ƙauye. Da na gane da daddare, da safiya ta same mu da jini a ajiye da mota a bakin ƙofa. Ɗan da surukin ne suka fara miƙa hannu.

Muna canza masa shimfiɗa sai ga ƙullin leda a ƙarƙashin matashi. Ƙwayoyi ne kala-kala, an ɓare su daga kwalinsu, irin haɗin da ake ƙulla wa manoma na ciwon jiki. Shekara da shekaru yake sha saboda gwiwa, kuma a daren ma ya sha, a kan gadonmu. Na gane piroxicam a ciki, da wata ƙaramar fara da na fi zaton irin su prednisolone ce, wadda in ta haɗu da waɗancan haɗarin zubar jini ke ƙaruwa. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake sha a gida. In ma an tambaya da sigar "kana shan wani magani?" zai ce a'a da zuciya ɗaya, don a wurinsa na gajiya ba ya cikin lissafi.

Da safe shugabar ɗakin ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Takardar awo ta ajiye a gabana.

"Wa ya cika wannan?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"To karanta mini layin bugun zuciya."

Ƙarfe 6 na yamma 88. Ƙarfe 10 na dare 104. Ƙarfe 2 na dare 118. Da hannuna na rubuta biyun ƙarshe. Idona yana kan awon hawan jini, wanda ya sauko a hankali daga 130 bisa 80 zuwa 110 bisa 70, na ce lafiya lau. Alhali jikin babba da ke ɗauke da jini kusan lita 5 yana iya rasa abin da ya kai kashi 30 cikin 100 kafin lambar sama ta faɗi sosai, saboda jijiyoyi suna tsukewa, zuciya tana ƙara gudu don ta rufe giɓin. Bugun ne ke fara tona asiri. In har ya zarce lambar sama ta awon jini, kamar yadda ya yi ƙarfe 2, mutum ya shiga haɗari ko da yana hira da kai. Ƙari a kan haka Baba mai hawan jini ne, 110 a jikinsa faɗuwa ce. Ta kuma tuna mini cewa gwajin yawan jinin da aka yi masa da rana, wanda na jingina da shi, ba ya nuna sabuwar zuba nan take. Sai bayan sa'o'i, in ruwa ya tsarma abin da ya rage, lambar ke sauka. Mai shan atenolol ko propranolol kuwa ko bugun nasa ba zai tashi yadda ya kamata ba, sai an dubi tafin hannu da cikin ido, an lura da jiri in ya tashi zaune.

Ta ƙare da cewa, "Awon kin yi shi. Karatun ne ba ki yi ba."

Tun daga nan na sauya yadda nake tambaya. In zan yi maganar ban ɗaki da babba sai na sallami 'yan dubiya, suruki ne kan gaba, in ja labule, in kuma akwai namiji cikin ma'aikata in tura shi. Ba na cewa "lafiya?", ina ba da zaɓi: ruwan ƙasa ne, ja ne, ko baƙi? Yana manne wa? Mai jinyar da ke zubar da fo shi nake fara ja gefe, don ya fi kowa sani. Maganar magani kuwa cewa nake a zazzage mini jaka da aljihu, har na ciwon baya, na haƙori, garin nan na ciwon kai da ake kaɗawa a ruwa, da na gargajiya. Kuma wanda ya zo da "ƙwannafi" yana zufa, musamman tsoho ko mai ciwon suga, ba na miƙa masa farin ruwa in juya, domin toshewar jijiyar zuciya tana iya zuwa da zafi a saman ciki, ba a ƙirji ba. Mai kumburin ciki da rawayar ido in ya yi aman jini, wannan wata hanya ce daban: ciwon hanta ne kan kumbura jijiyoyin maƙoshi su fashe, maganinsa kuma ba ɗaya ba ne da na gyambo.

Baba ya rayu. An kai shi asibitin koyarwa, aka zura masa bututu mai kyamara ta baki, aikin da ake so a yi cikin awa 24 ga mai irin wannan zuba, aka tarar da gyambon a farkon ƙaramin hanji, aka tsayar da jinin. Gwaji ya nuna yana da H. pylori ma, aka ba shi omeprazole da amoxicillin da clarithromycin na kwana 14, da sharaɗin a sake gwada bayan gidansa in an yi aƙalla mako 4 da gamawa. Da suka dawo ganin likita na nemi ɗan na ba shi haƙuri. Ya ce, "Haba Sista, ai kwanan Baba ne na gaba." Na ce haka ne, amma ka gaya mini, ni ce ban je na duba ba.

Abin da ya rage mana shi ne gwiwar. Likita ya rubuta paracetamol da man shafawa, Baba ya ce shi paracetamol ruwa ne a jikinsa, ga damina ta ƙarato. Na rubuta wa ɗan sunayen magungunan kashe zafin ciwon nan huɗu a takarda don ya riƙa nuna wa mai kemis. Ya duba takardar, ya ce a kasuwarsu ba da suna ake sayarwa ba, a ɓare ake ƙirgo su a tafin hannu. Sai muka yi yarjejeniya da shi a gaban mahaifin: duk ƙwayar da ba ta cikin kwalinta ba za ta shiga gidan ba, in gwiwar ta hana shi fita gona kuma su zo asibiti, likita ya san abin da zai haɗa masa da omeprazole.