Motar da ke tashi da asuba, ta ƙi da azahar

Mun ji labarin wata ƙungiya ta wajen Gidan Runji da motarsu ke yi masu irin abin da tamu ta yi mana bara, shi ne muka ce bari mu rubuto, kada kuɗin asusu su tahi a banza sau biyu.

Ƙungiyoyi uku muka haɗa hannu, biyu daga Agiye ɗaya daga Gazawa, muka sayi tsohuwar Hilux mai shan gazuwal don kai aya da wake Maradi. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a 1991 iyayenmu ke zubi, amma babu wadda ta taɓa tunanin akwatin nan mai kwaɗo zai haihi mota. Direba kuwa ɗan ma'ajiyarmu ne, yaro mai kunya.

Da bazara ta shigo, zafi ya wuce digiri 40, sai motar ta fito da hali. Da asuba murɗa makulli ɗaya ta tashi. Amma in an yi tahiya aka tsaya Cadawa ɗaukar buhu ko yin salla, shi ke nan, inji ya yi ta juyi babu tashi. Sai an tura, ko a zauna awa guda ta huce. Ran nan mun isa Maradi mai sayen ayarmu ya riga ya cika motarsa da ta wasu.

Muka sayi batir sabo. Ba ta daina ba. Aka ce bujin zafi ne, muka sake su. Nan ma shiru. To kun san mu mata, in kuɗi na fita ba a ga biyan buƙata ba, baki ya buɗe. Aka fara raɗa cewa yaron ne ke sayar da gazuwal yana laƙa wa mota laifi. Uwarsa ta ji. Sati biyu ba ta zo zubi ba, ta aiko da makullinta a hannun jika. Wallahi wannan ya fi lalacewar motar yi mana ciwo.

Magatakardarmu ce ta fid da mu. Ita komai sai ta rubuta, har mukan yi mata dariya. Ta buɗe littafi ta karanta ranakun da motar ta ƙi: duka bayan doguwar tahiya ne, da rana, babu ko ɗaya da safe. Muka ɗauki littahin muka kai wa wani dattijon makanike a Maradi.

Bai taɓa sipana ba sai da ya yi tambaya. "Hajiya, in ta ƙi, injin na juyawa da sauri ko yana nishi?" Ya ce in yana nishi, a duba batir, da wayar da ta haɗa shi da jikin mota, da demarar, wato abin da ke juya inji, don shi ma in ya tsufa zafi na kashe masa ƙarfi. Namu da sauri yake juyi. Sai ya ce, "Hayaƙi fa, yana fita ta baya lokacin da ake murɗawa?" Yaron ya ce ko kaɗan. "To ɗana, gazuwal ba ya shiga inji." Farin hayaƙi, in ji shi, na nuna mai ya shiga bai kama ba ne, rashin hayaƙi kuwa, man bai iso ba. Bujin zafi da muka saya, aikinsu da sanyin hunturu ne. Inji mai zafi ba ya neman su.

Ya duba matatar mai da bututai ko iska na shiga, lahiya lau. Ya sa aka zagaya gari har motar ta yi zafi, aka kashe, ta ƙi kamar yadda ta saba. Ya jiƙa tsumma ya lulluɓe kan pompon gazuwal, muka ɗan jira, aka murɗa. Ta tashi! Muka dubi juna.

Ga yadda ya fahimtar da mu. Cikin pompo akwai ɗan ƙarfe mai tura gazuwal da ƙarhin gaske zuwa inji. In ya cinye, sai ɗan hili ya samu. Da safe gazuwal na da kauri, yana turuwa. In ya yi zafi sai ya tsinke kamar man gyaɗa a kasko, ya riƙa zurarewa ta hilin nan. Shi ya sa turi ke tada ta: injin ya juya da sauri, man bai samu damar gudu ba. Ya gargaɗe mu kada a kwarara ruwan sanyi kan pompo mai zafi, yana iya maƙalewa gaba ɗaya. Kuma tsumman gwaji ne kawai, ba gyara ba.

Da ya tambayi inda muke shan mai, muka sunkuyar da kai. Don sauƙi, na kwalba muke saye bakin hanya. Ya ce in an gauraya gazuwal da kananzir ko ƙura ta shiga, shi ke cinye pompo, don man ne da kansa ke shafe ƙarafan ciki.

Gyaran pompo ya cinye kusan ribar aya ta shekarar, rabon da muka yi kahin damina bai yi daɗi ba. Mun rubuta a doka: mai sai a gidan mai, da takarda, kuma ba a sayen kayan mota sai an kawo amsar tambayoyin nan biyu gaban taro. Daga garejin ba mu zarce gida ba, gidan ma'ajiya muka sauka, shugabanninmu uku da goro. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta miƙo hannu ta karɓi makullinta. Tsohon batir ɗin da muka cire, ashe lahiyarsa ƙalau; shi ke kunna mana fitila yanzu in taro ya kai magariba.