Fulawar tsakar gida da bakin yaro

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ina zaune ina tsintar shinkafa, sai ga jikana ya shigo riƙe da ciki. Shekararsa 4 a lokacin. Kafin in ce "me ya same ka?" ya fara amai. Ban gama wanke shi ba na ji salati daga ɗakin maƙwabciyata, ita ma autarta ta fara, ga amai ga gudawa. Duk hankalinmu ya tafi kan ƙanƙarar leda da suka sha da rana. Can sai yayar yarinyar ta ce, "Inna, ai gyaɗar jikin shinge suka ci."

Wace gyaɗa kuma a jikin shinge? Muka bi ta har wajen tankin ruwa, ta nuna mana. Bini-da-zugu ce. 'Ya'yanta sun bushe sun tsage, yaran suka tsinci baƙaƙen ƙwayoyin, suka fasa da dutse, suka cinye. Wallahi shekara da shekaru ina shanya a jikin shingen nan, ban taɓa kallonsa a matsayin abin tsoro ba.

Iya mai shagon ƙofar gida ta rugo da kwalbar manja, ni ma har na karɓa zan ɗura wa yaron, Allah ya kawo babansa. Ya ce, "Inna, ajiye man nan, mu tafi asibiti." Shi ya yi dabarar karyo reshe da 'ya'yansa ya sa a leda. Likita ya duba reshen, ya tambayi ƙwaya nawa suka ci, da ƙarfe nawa. Ya ce gara da ba mu ba su manja ko madara ba, domin yaron da ke amai yana iya shaƙe man ya faɗa masa huhu, a bar wata matsala a shiga wata. Aka yi musu ƙarin ruwa, muka kwana ɗaya, aka sallame mu. Alhamdulillahi.

Da muka dawo na tsaya a tsakar gida ina kallon shuke-shukena ɗaya bayan ɗaya, jikina a sanyaye. Kowa ya san yadda gidajenmu na Sabo suke, ɗaki jikin ɗaki, ba filin lambu. Amma mu mata ba ma rasa wurin fulawa: robar fenti, tsohon baho, gwangwanin madara, tayar mota. Ƙasar Ibadan kuma ba ta ƙin shuka, ruwa tun wajen Afrilu har Oktoba, duk abin da kika soka sai ya kama. Ni kaina na tara sun fi 20, wasu na saya a bakin titi, wasu na roƙo reshe a gidan biki. In ban da biyu ko uku, ba wadda na san sunanta.

A nan na gane inda muka yi sake. Mu da muka tashi a Arewa mun san tumfafiya, mun san tinya, mun san zaƙami, tun ba mu iya ɗaura zane ba aka ja mana kunne a kansu. 'Ya'yanmu da jikokinmu haifaffun Sabo ba su san daji ba, ba wanda ya nuna musu. Furannin da ake sayarwa a nan Kudu kuma mu manyan ne ba mu san su ba. Ga yaro bai san na gida ba, ga babba bai san baƙo ba, to wa zai tsawata wa wa?

Akwai wata 'yar unguwarmu da ke karatun ilimin tsirrai a Jami'ar Ibadan, na aika aka kira min ita. Ta zo da Asabar, ta bi robobin nan tana faɗa ina riƙe baki.

Mai furen nan rawaya kamar mazurari, mai siraran ganye, wadda ake jerawa a bakin makarantu da ofisoshi, ta ce duk jikinta guba ne, ƙwayar cikin ɗanta kuwa ɗaya ko biyu na iya kashe ƙaramin yaro, domin bugun zuciya take rikitawa. 'Yar'uwarta mai fure ruwan hoda, wadda masu sayarwa ke kira oliyanda, ita ma haka. Ko ganyenta ya bushe dafin yana nan, akuya ta ci tana iya mutuwa, hayaƙinta ma ba a so a shaƙa, balle a yi tsinken tsire da itacenta. Mai faffaɗan ganye kore da ɗigo-ɗigon fari, wadda nake ji da ita a baranda, Turawa suna kiranta da sunan da ke nufin sandar bebe, saboda wanda ya tauna bakinsa da harshensa kan kumbura har ya kasa magana. Nan na tuna ranar da kyanwarmu ta wuni tana dalalar da miyau ta ƙi abinci, muka ce ɓera mai magani ta ci. Ashe mai laifin tana baranda ina ba ta ruwa kullum safe.

Ta kuma ja min kunne a kan waɗanda ke fitowa da kansu a kango da bakin kwata. Zurma, wadda ƙwayarta mai zane take kama da wake. Idon zakara, jajayen 'ya'yan nan masu baƙin kai da yara mata ke son yin tsakiya da su, in aka tauna ko aka huda aka haɗiye, haɗarinsu babba ne. Sai lantana mai ƙananan furanni kala-kala a dunƙule, tana lalata hantar shanu da tumaki. Masu kiwon ragon layya a lungu, ku lura da ciyawar da yara ke yanko muku.

Na ce mata, "'Yata, ai bini-da-zugu da zurma magani ne, mun gada." Ta ce, "Haka ne Inna, amma man zurma da aka tace daban, ƙwayar da yaro ya tauna daban." Ban ƙara cewa komai ba.

Cire sauran bai yi min wuya ba. Babansa ya sa leda a hannu ya tumɓuke su, muka ɗaure a buhu aka kai bola, ba mu ƙona ba, ba mu zubar inda awaki ke kiwo ba. Mai gidan hayar ma da ya ji abin da ya faru ya yarda aka sare shingen. Inda aka yi ta ta ƙare shi ne kan kariya. Marigayiya Hajiya, mahaifiyar Maigida, ita ta zo da ita daga gida Katsina, a ɗan gwangwani, tun ina amarya. Gindinta ya yi kauri kamar tulu, in ta yi furen nan ja-ja duk mai shigowa sai ya tanka. Yarinyar ta ce ruwan jikinta shi ma zuciya yake taɓawa, tun da can da shi ake dafin kibiya da kashe kifi. Maigida ya ce, "Komai ki cire, ban da wannan. Hannun Hajiya ne." Ni ma hawaye ne ya zo min, don na san ba fulawar yake gani ba. Kwana uku muna ja. A ƙarshe muka ɗauke ta zuwa saman bene, bayan ƙofar da ke da kwaɗo, shi ke ba ta ruwa da kansa, shi ke share abin da ya kaɗe.

To me na shuka a madadinsu? Na yi wa kaina doka mai sauƙi: abin da tukunyar miya ta yarda da shi, shi zan fara ba wuri. Sai na ga ashe abincinmu ma yana da fure, ido ne ba mu sa ba. Zoɓo yana da jan kara da fure mai kyau. Furen kuɓewa rawaya ne da jan ciki, bai fi na sayarwa muni ba ko kaɗan. Sokoyokoto da muke saya a kasuwar Bodija, ki bar shi ya girma ki ga jan tukku da hoda. Ga ɗoɗɗoya mai ƙamshi, ga zogale da fararen furanninsa, ga kabewa tana bin katanga. Daga cikin na ado zalla kuma yarinyar ta amince min da habiskos, dangin zoɓo, da furen rana, da ziniya, da iksora mai jajayen furanni a dunƙule wadda yara ke tsotsar zaƙinta, da fulawar ros, ita ƙayarta ce kawai abin kiyayewa.

Matsalar da na samu ɗaya ce, awaki ma sun amince da zaɓin nawa. Sati biyu suka yi wa zoɓon aski. Sai da muka kewaye da wayar kaji. Amma gara in yi faɗa da akuya mai ƙoshi da in ja gawarta.

Abu biyu zan ƙara. Fulawa marar guba in kika fesa mata maganin ƙwari irin na gona ta zama mai guba, ni toka da ruwan sabulu nake amfani da su. Sannan in za ki saya, tambayi sunanta, ki karya ganye ɗaya ki gani. In farin ruwa kamar nono ya fito, bar ta a nan. Amma kada ki ce duk marar farin ruwa lafiya ce, zurma da zaƙami da idon zakara ba su da shi. Wadda ba a san sunanta ba, kada ta shiga gidan da ake rarrafe.

Ina roƙon masu gidajen haya da malaman Islamiyyunmu su zagaya su dubi shingensu. In tsautsayi ya faru, kada a tsaya manja, a karyo reshe a nufi asibiti ko da yaron yana wasa, domin wani dafin sai an jima yake nuna kansa.

Jikan nawa yanzu shi ke tsinko min zoɓo. Duk abin da ya gani a waje sai ya kawo min a tafin hannu ya ce, "Inna, wannan na ci ne?" Allah ya raya mana su, ya tsare mana su da dabbobinmu baki ɗaya. Amin.