Yadda 'yan daba suka cinye jamhuriyar Rum

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato na ga an fara raba wa samari gora da ƙwaya, tarihin Rum ne yake faɗo mini a rai. Mutane sun fi sanin Romawa da filin Kolosiyum, inda ake tara dubban 'yan kallo su ga bayi suna kashe juna. Ni a ganina wanda ya fi wannan haɗari shi ne jinin da aka riƙa zubarwa a dandalin siyasa.

A shekara ta 133 kafin Miladiyya, wani wakilin talakawa mai suna Tiberiyus Girakus ya kawo dokar da ta hana kowa riƙe fiye da wani adadi na filayen gwamnati, a raba sauran ga marasa gona. Manya ba su ji daɗi ba. Da ya nemi a sake zaɓensa, sai wasu 'yan majalisar dattawa, bisa jagorancin Sifiyo Nasika, suka fito da kulake da ƙafafun benci suka far masa. An kashe shi da magoya bayansa kusan 300, aka watsa gawarwakin a kogin Taiba. Nasika fa shi ne babban limamin addinin garin. Ba a hukunta shi ba, sai dai aka tura shi aiki Asiya don ƙura ta lafa.

To daga nan kowa ya gane darasin: ana iya kisa a kwana lafiya. A 121 aka hallaka ƙanensa Gayus, sannan aka kashe mabiyansa wajen 3,000 ba tare da shari'ar kirki ba. A 82 kuwa Sulla ya riƙa liƙa sunayen abokan hamayya a dandali, wanda ya kawo kai a biya shi lada, dukiyar mamaci kuma a ƙwace.

Kafin a kai shekara ta 53 abin ya zama sana'a. Kulodiyus yana da dabarsa, Milo yana da tasa, har da mayaƙan fage da ya ɗauka haya. Rikici ya hana zaɓe, aka shiga 52 babu zaɓaɓɓun shugabanni. A watan Janairu ɓangarorin biyu suka yi kiciɓis a kan hanyar Afiya, yaran Milo suka kashe Kulodiyus. Magoya bayansa suka kai gawar cikin zauren majalisa suka cinna mata wuta, zauren ya ƙone ƙurmus. Me dattawan suka yi? Suka miƙa wa janar Fomfe mulki shi kaɗai, ya cika gari da sojoji. Bayan shekara 3 Juliyas Kaisar ya tsallako kogin Rubikon da dakarunsa, yaƙin basasa ya ɓarke. Shi ma a zaman majalisa aka daɓa masa wuƙaƙe a 44.

Jama'a, abin da ke ba ni tsoro shi ne ba wanda ya tashi da niyyar rushe jamhuriya. Kowa cewa yake kare ta yake yi, kuma wancan ne ya fara. Mai gora ya jawo mai takobi, mai takobi ya jawo mai runduna, talaka ya gaji har ya gwammace sarki ɗaya da zai ba shi kwanciyar hankali.

Shi ya sa idan na ji wani yana kare sara-suka ko kalare don yaran jam'iyyarsu ne, nakan ce masa ya yi hattara. Yaron da ka ba wa adda yau ba ya mayar da ita bayan zaɓe. Kuma muddin mai ɗaukar nauyinsa yana yawo ba a taɓa shi ba, kama yaron kaɗai ba zai hana komai ba.

Allah ya kyauta.