Salim da Javed, da Matsayin Marubuci a Fim

Dattawan da suka yi zamanin silima a Kano da Jos da Zariya sun saba kiran finafinan Indiya da sunan jarumi. Sai su ce maka wannan fim ɗin Amita ne, wancan kuwa na Darmendra ne, wanda suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi. A hirarrakin da na yi da su lokacin binciken digirina na biyu, an sha ba ni labarin Sholay da Deewaar daki-daki, ba tare da an ambaci waɗanda suka rubuta su ba. Mutum biyu ne suka rubuta su, wato Salim Khan da Javed Akhtar.

An haifi Salim a 1935, Javed kuma a 1945. Salim ya shigo Bombai ne da niyyar zama jarumi, amma bai taki sa'a ba, sai ya koma rubutu. Sunansu ya fara fitowa a 1971 da Andaz da Haathi Mere Saathi, sannan Seeta Aur Geeta ya biyo baya a 1972. Yawanci Salim ne ke gina labari da taurarinsa, Javed kuma ya sanya musu kalamai a baki, yana rubutawa da haruffan Urdu.

A 1973 Zanjeer da suka rubuta ya fito, wanda ya sauya akalar finafinan Bombai. Kafin wannan fim, kasuwa ta jarumin soyayya ce irin Rajesh Khanna. Su kuwa sai suka fito da matashi mai fushi, wanda aka kashe iyayensa yana ƙarami, ya kuma yanke ƙauna cewa hukuma za ta bi masa haƙƙi. Amitabh Bachchan ne ya hau wannan matsayi, daga nan tauraruwarsa ta haska. A 1975, shekarar da Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, Deewaar da Sholay suka fito. A Deewaar, wa ɗan fasa-ƙwauri ne, ƙane ɗan sanda, mahaifiyarsu kuma tana tsakiya. Ina ganin wannan ne ya sa labarin ya zauna a zukatan Hausawa, domin rikicin zumunci da albarkar uwa ba baƙin jigogi ba ne a adabinmu. Sholay kuwa ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka ƙwato wa marubuci daraja. A wancan zamani ba a sanya sunan marubuci a jikin fosta. Da Zanjeer ya fito, sai suka ɗauki mai fenti haya, ya bi titunan Bombai yana buga sunayensu a kan fostocin fim ɗin. Bayan haka suka riƙa yanka wa masu shirya fim kuɗin aiki irin wanda manyan jarumai ke karɓa, aka kuma biya su.

Duk da haka, sun sha suka a kan aro. Masu nazari sun nuna cewa Sholay ya ɗebo daga Seven Samurai na Akira Kurosawa da finafinan kaboyi, Deewaar kuma ya ɗauki ƙashin bayansa daga Gunga Jumna na 1961. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mun daɗe muna muhawara a kan wankiya a finafinan Hausa, kuma Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kai. Sau da yawa mukan ɗauki fim ɗin Indiya a matsayin tushe, na Hausa kuma kwafi, alhali shi kansa tushen aro ne da aka sarrafa. Tambayar da ta dace da manazarci ita ce: me marubuci ya yi da abin da ya aro? Ba za a iya amsa ta ba sai an san marubucin da kuma sauran ayyukansa.

Sun rabu a 1982, bayan sun ƙara da Don da Trishul da Shakti. Javed ya shahara a rubuta waƙoƙin fim, Salim kuma ya rubuta Naam a 1986, amma babu wanda ya sake girgiza kasuwa shi kaɗai kamar yadda suka yi tare. A yau matasanmu sun fi sanin Salim a matsayin mahaifin Salman Khan.

Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi finafinan Hausa masu ɗimbin yawa, kuma mun rubuta kundaye a kan jigo da salonsu, muna jingina su ga darakta ko jarumi. Da yawa daga waɗanda suka tsara labaran suna nan da rai, wasunsu ma marubutan littattafan soyayya ne da muka sani. Ya kamata mu zauna da su, mu tattara rubutattun labaran tun kafin su salwanta, mu kuma riƙa ambaton sunan marubuci a duk lokacin da muka nazarci fim.