Tsibirin Yas: Jirgin Lilon da Ake Harbawa Kamar Dutse a Danƙo

Wanda ya taso daga Dubai ya nufi birnin Abu Dhabi, kafin ya shiga gari zai hango wani makeken jan rufi shimfiɗe a tsibirin Yas. Wannan shi ne Ferrari World, wurin wasanni da aka buɗe a 2010, daura da filin tseren motoci na Yas Marina. A ciki sanyin na'ura ne ke ratsa jiki, a waje kuwa rana na ƙuna. A can wajen ne wani layin dogo na ƙarfe mai tsawon kusan kilomita 2 ya miƙe yana lanƙwashe-lanƙwashe. Shi ne layin Formula Rossa, jirgin lilon da kamfanin Intamin ya ƙera.

'Yan'uwana ɗalibai, jirgin nan ba shi da inji. Irinsa na da, sarƙa ce ke jan su a hankali zuwa kan tudu, sannan a sake su. Wannan kuwa harba shi ake yi. Famfuna na tura mai cikin manyan tankuna masu iskar nitirojin, iskar ta matsu, ƙarfi ya taru kamar an ja danƙo. Da an buɗe hanya, sai man ya fito da ƙarfi ya juya wata ƙatuwar ganga mai naɗe igiyar ƙarfe, igiyar ta fizgi jirgin. Cikin daƙiƙa 4.9 ya kai gudun kilomita 240 a awa. Lokacin da aka buɗe shi, babu jirgin lilon da ya kai shi gudu a duniya.

Daga nan ba a ƙara masa ƙarfi ko kaɗan, da guzurin da ya samu zai gama tafiyar. Yana hawa tudu mai tsayin mita 52 gudu ya ragu, yana gangarowa gudu ya dawo. Darasin fiziks ke nan da muke haddacewa don jarrabawa.

Kuskure a nan rai ne, don haka tayoyin sun kama layin ta sama, ta gefe da ta ƙasa, yadda jirgin ba zai goce ba. A kowace kwana an karkata layin don kada a wurga fasinja gefe. Birkin kuma na maganaɗisu ne, yana rage gudu ba tare da gogayya ba. Hatta yanayin wurin an yi lissafinsa: dole kowa ya sa tabarau, domin a wannan gudun ƙwayar rairayi ko ƙwaro na iya raunata ido.

Tafiyar duka minti ɗaya da rabi ce. Mutane na saukowa ƙafa na rawa, wasu na dariya, wasu kuma sun riga sun koma bin layi.