Layin Masu Saiwa a Kasuwar Mayahi

Mai zuwa Mayahi daga Maradi, a Caduwa yake barin babbar hanyar Damagaram ya nausa arewa. Gonakin hatsi ne dama da hagu, gawo jefi-jefi, sabara da kalgo a ƙarƙashinsa. In goruba ta fara yawa, to an iso Gulbin Kaba, kwarin da ruwa ya daɗe da daina gudu a cikinsa, wanda garin yake zaune a bakinsa.

Ranar kasuwa tun hantsi amalanken shanu da na jakai suke cika bakin tasha. Sai ka ratsa masu hatsi da wake, ka wuce matan da suka jibge tabarmin kaba da igiya, kafin ka kai ga masu saiwa. 'Yan tsiraru ne, yawancinsu dattawa, kowa ya baza hajarsa a kan buhu: sassaƙen marke da na danya, ganyen sabara, geza, ƙwaryar bagaruwa. Ƙulli ɗaya dala goma zuwa dala ashirin, wato sefa 50 zuwa 100. Haɗin da aka daka yakan fi haka. Masu saye mata ne galibi, da goyo, kuma zancen bai wuce gudawa, basir, shawara da wankan jego.

Na durƙusa gaban wani tsoho na ce, Baba, yaya ake gane sassaƙe mai kyau? Bai yi dogon bayani ba, ya ɓallo ɗan marke ya ce in tauna. Nan take bakina ya ɗaure, yawu ya ɗauke. A wurinsa, wanda baurinsa ya tafi ya mutu, sai murhu.

Wannan baurin na tanin ne, ɗaya daga cikin dangin sinadaran da masana ke kira polifenol. Bagaruwa cike take da shi, shi ya sa majema ba sa rabuwa da ita. In ka jiƙa ta ka jefa tsatsattsiyar ƙusa, ruwan zai yi baƙi ƙirin. A ɗakin gwaji, irin na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, akan busar da ganye, a niƙa, a tatse shi da ruwa ko etanol. Sai a ɗiga masa ruwan gwajin Folin-Ciocalteu, wanda aka san shi tun 1927: iya yawan polifenol, iya shuɗin da zai yi. Gwaji na biyu da DPPH ake yi, wani sinadari mai launin shunayya da ke koɗewa ya koma rawaya idan tsiron yana da ƙarfin kashe kaifin sinadaran da ke lalata tsoka da jini. Bagaruwa da marke da sabara sukan yi fice a nan.

Sai dai kwalbar gwaji ba cikin jariri ba ce. Launin da ya koɗe ba ya faɗin cokali nawa za a ba yaro, ba ya faɗin abin da hanta za ta ɗauka, kuma tanin in ya yi yawa yana hana jiki cin moriyar ƙarfen da ke cikin abinci, ga shi masu shan jiƙon nan da yawa masu jego ne. Tsohon ma da tafin hannu yake awo.

Abin da ya fi damuna shanya ce. Wasu ganyayen tun safe suke kwance a rana tsaka, ƙura na sauka, har sun yi fari-fari, alhali zafi da haske suna rage waɗannan sinadarai. Da na taɓo zancen, ya nuna mini buhun da ya ɓoye a inuwa, ya ce na shimfiɗe don ido ne. Kukansa shi daban ne: marke ya yi nisa, wanda ya rage an saɓule masa ɓawo, yanzu daga kudu ake kawo masa, kuma kuɗin mota a kan ƙulli yake faɗawa.